Baba, me ya sa ake kallon kayana a sayi na maƙwabci?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Takalman fata nake sayarwa a Kasuwar Dole. Bara na samu ɗan jari, na cika rumfa da samfuri wajen 40. Mutane na tsayawa sosai, su ɗaga wannan, su gwada wancan, daga ƙarshe su ce "sai na dawo". Dattijon da ke gefena samfuri 6 yake shimfiɗawa a tabarma, amma kafin la'asar ya yi cinikinsa. Abokaina sun ce hannu aka sa mini. Mene ne gaskiya?
Wani mai takalma, Damagaram

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, ba wanda ya sa maka hannu. Wasiƙarka ta tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana sayar da atamfa a Zango. Rabin kayansa a bayan labule suke. Mace in ta shigo, bayan gaisuwa sai ya tambaye ta: "Hajiya, ta biki ce ko ta zaman gida?" Da ta amsa, ya shiga ya fito da turmi uku. In ta yamutsa fuska a kan ɗaya, sai ya naɗe shi ya mayar ciki tukuna, sannan ya kawo wani. Ina yaro abin na ba ni haushi, gani nake yana ɓoye arzikinmu. Sai da na girma na gane aiki yake rage mata.

Masana sun gwada wannan abu. A 2000, Sheena Iyengar da Mark Lepper sun wallafa binciken da suka yi a wani kanti a Kalifoniya ta Amurka. Sun kafa teburin ɗanɗana konfitir, wato ƴaƴan itace da ake dafawa da sukari a shafa a burodi, wani lokaci su jera iri 24, wani lokaci iri 6. Babban teburin ya fi jan jama'a: 60 cikin 100 na masu wucewa sun tsaya, ƙaramin kuma 40. Amma da aka zo wajen fitar da kuɗi, cikin waɗanda suka tsaya a babban 3 cikin 100 ne kawai suka saya, a ƙaramin kuwa 30 cikin 100. Ka ga rumfarka da tabarmar dattijo ke nan.

Mai zaɓar ɗaya cikin 40 ya san zai bar 39 a baya, kuma zuciyarsa na raya masa cewa wanda ya fi kyau na cikinsu. Gudun "da na sani" ne ke sa shi cewa "sai na dawo". Ba ƙarya yake maka ba, gajiya ya yi. Ga rana, ga turereniya, ga cefane na jiransa.

Kada dai ka yi gaggawar karyar da kayanka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna abin ba kullum yake faruwa ba. Ya fi kama mutumin da bai san takamaiman abin da yake so ba, musamman in kayan sun yi kama da juna. Makiyayin da ya shigo gari ran Alhamis, ranar kasuwa, ya san irin takalmin da ke jure ƙaya, yawan kayanka alheri ne gare shi. Don haka ka jera 6 ko 7 a gaba, masu bambanci ƙarara, sauran ka sa su a buhu kusa da kai. Ka fara da tambaya: na Sallah ne, na aiki, ko tsaraba? Ka gwada Alhamis biyu haka, biyu yadda ka saba, kana rubuta cinikin a littafi. Dattijon nan kuma ka riƙa kai masa goro kana zama kusa da shi, ka saurari abin da yake fara ce wa mai saye.

Tambaya: Baba, turaren wuta nake haɗawa a gida. Kunyar faɗin kuɗi nake ji, sai in ce wa mai saye ta taya. Kullum a ƙasa muke ƙarewa, wani lokaci ko uwar kuɗi ba ta fita.
Wata uwargida, unguwar Birni

Amsa: Ƴata, kunyar nan ce ke cinye miki riba. Kuɗin da aka fara ambata kamar turke ne, ciniki kuwa akuya ce da aka ɗaure, iyakarta tsawon igiya. In mai saye ta ce jaka 1, duk jayayyar da za ki yi kusa da jaka 1 za ku zagaya, ko da kwalbar ta jaka 3 ce.

Abin mamakin shi ne lambar ko ba ta da alaƙa da kayan tana yin tasiri. A 1974, Amos Tversky da Daniel Kahneman sun bayyana wani gwaji: ana juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, an shirya shi ya tsaya a 10 ko a 65. Sai a tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen 45. Da idonsu suka ga faifai ne kawai ya juya, amma ya ja su. Kahneman ya karɓi kyautar Nobel a 2002 saboda irin wannan aiki.

To ke ki kafa turken. Zauna da biro ki lissafa itacen, turaren, sukari, gawayi, kwalba, har kuɗin kabu-kabun zuwa kasuwa da wahalarki, ki ɗora riba, ki faɗa da bakinki ba tare da sunkuyar da kai ba. Sai dai ina roƙonki kada ki tsuga kuɗin da ke kanki kin san zalunci ne don kawai a rage. Kada kuma ki yarda wata ƙawa ta zauna tana taya kayan da ba saye za ta yi ba don ta zuga baƙuwa. Wannan shi ne najashi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi.

In an matsa miki da "rage mini", ki ce albarka, ki riƙe kuɗinki, sannan ki ƙulla mata ɗan gyara a leda na wani haɗin da ba ta taɓa gwadawa ba. Ragin dala 20 kafin ta kai ƙofar gida ta manta da shi. Gyaran kuwa daren nan za ta zuba shi a kasko, kuma duk wadda ta shigo ɗakin sai ta tambayi inda ta samo.