Kada ka kai siminti gidan da bai zama naka ba

Tambaya: Barista, na samu wani tsohon gida mai rahusa a unguwar da ke tasowa. Niyyata in gyara shi, in ɗora bene, in raba shi sassa huɗu na haya. Gidan na gado ne. Babban wan magadan ya ce in ba da rabin kuɗi in fara aiki, takardu su biyo baya. Akwai kuma ɗan haya ɗaya a ciki. Shin in ci gaba?

Amsa: Malam, dabararka mai kyau ce, mutane da yawa sun yi arziki da ita. Amma yadda aka tsara maka cinikin nan, ina roƙonka ka dakata. Ko buhun siminti ɗaya kada ka sauke a ƙofar gidan nan tukuna.

Ga dalili. Akwai tsohuwar ƙa'ida tun daga dokar Rumawa, wadda ƙasashe da yawa suka gada: abin da aka gina a kan fili na mai filin ne. In ka ɗora bene kafin mallaka ta dawo sunanka, mai gida ka gina wa. Ciniki ya lalace, ba za ka ciro tayil da rodi ka tafi da su ba. Kotu kan ba da diyya a wasu lokuta, amma sai bayan shari'a mai tsawo, kuma da wuya ta mayar maka da duk abin da ka kashe.

Babban wa kuwa, girmansa a gida ba ya ba shi ikon sayar da rabon ƙannensa. Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba. Ko dai duk magada su sa hannu, ko ya nuna takardar kotu da ta naɗa shi mai kula da dukiyar mamaci, ko takardar wakilci ingantacciya daga kowannensu. Na taɓa riƙe shari'ar wani bawan Allah da ya gama rufi, ya yi fenti, har ya sa ƙyauren ƙarfe. Sai ga wata ƙanwar masu gidan ta dawo daga inda take aure ta ce ba da saninta ba. Na ga mutumin a ofishina riƙe da rasit ɗin kayan gini cike da leda, hannunsa na rawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna gidan nasa ne. Har yau abin na damuna.

Saboda haka fara da bincike a ofishin rajistar filaye. Sunan wa ke kan gidan? An jinginar da shi a banki? Akwai ƙara a kotu a kansa? A ƙasashen da ke bin tsarin Torrens, wanda aka fara a Kudancin Ostireliya a 1858, abin da rajista ta nuna shi ne mallaka. A wasu wuraren kuma sai an bi takardu ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya fara mallaka zuwa na yanzu. Ka nemi ganin takardar mallaka ta asali da idonka. In kullum kwafi ake miƙo maka ana cewa ta asalin tana hannun wani, ka yi hattara, sau da yawa tana ajiye a banki ne a matsayin jingina.

Sai maganar ƙarin darajar da kake hange. Ribar nan tana kan takarda ne har sai hukumar tsara birane ta yarda. Ɗora bene da raba gida ɗaya zuwa huɗu galibi suna buƙatar izini, kuma akwai unguwannin da aka ƙayyade tsayin gini ko yawan gidaje a fili guda. Ginin da ba izini ana iya tsayar da shi, a ci tara, ko a rushe. Ka kai injiniya ya duba ko harsashin zai ɗauki bene. Doka a wurare da yawa ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe ido, mai sayarwa ba lallai ya nuna maka tsagewar bango ba.

Ɗan haya ma yana da haƙƙi. Sayar da gida galibi ba ya soke haya, kai ne za ka zama sabon mai gidansa. Ka ga yarjejeniyarsa, ka san wa'adin da ya biya. Cire masa rufi ko yanke masa ruwa don ya fita zai iya jefa ka cikin laifi.

Abin da zan ba ka shawara shi ne yarjejeniya mai sharaɗi, a rubuce. Tun dokar Ingila ta 1677 ake neman cinikin fili ya kasance da rubutu da sa hannu, kuma ƙasashe da dama sun ɗauki wannan. A rubuta cewa ciniki ba ya tabbata sai bincike ya fito ba matsala, duk magada sun sa hannu, an kuma fayyace ranar da ɗan haya zai fita. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, ya zauna a hannun lauya amana, a dawo maka da shi in sharaɗi bai cika ba. In kana son lokacin neman izinin gini, ka biya su wani abu su riƙe maka gidan na wasu watanni a kan farashin da aka yanke, shi ma a rubuce.

In sun ƙi jiran izini, ka taya gidan a yadda yake yau, ban da benen da ba a gina ba, ka kuma lissafa kuɗin rajista, la'adar dillali da harajin riba in ka zo sayarwa. In kuwa sun ƙi kawo sauran magada, ka janye. Kai wa lauyan da ke aiki a inda gidan yake kwafin takardun cikin makon nan, kafin ka sake zama da babban wan.