Amsa: Me ya sa pale ale ta fi blonde ɗaci?

Ɗan'uwa, ka ce waɗannan nau'o'in giya biyu launinsu kusan ɗaya amma pale ale ta fi ɗaci. Aikin hop ne, furen wani tsiro da ake sakawa a giya. An fi zuba shi a pale ale, shi ke ba ta ɗaci da ƙamshi irin na ɓawon lemu. A blonde kuwa ɗanɗanon sha'ir ne kan gaba.

Sai dai sanyi in ya yi yawa yakan toshe ƙamshin. Digiri 7 zuwa 10 na ma'aunin Celsius ya wadatar, a kofin gilashi, kumfa kamar yatsa biyu. Kuma duba kwalbar: koriyar da ta sha ranar Zariya a bakin shago a Sabon Gari wari take yi, don haske na lalata hop. Nemi mai ruwan ƙasa.