Murfin gilashin jirgina ya tsage wajen huda, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Shekara uku ke nan ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu. Da na zo ɗaura murfin gilashin da ke rufe matuƙi, a rami na huɗu sai ya tsage kamar tsawon yatsa. Ya lalace ke nan? Kuma sauran aikin, sukuru ya fi ko gam?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya cika maka buri. Kafin komai, nemo daidai bakin da tsagar ta tsaya, ka huda ƙaramin rami na kamar milimita 3 a wurin, don kada ta ci gaba da tafiya. Idan tana can gefe, inda firam zai rufe ta, murfin zai moru. Idan kuwa ta hau tsakiya, gaban idon matuƙi, shawarata ka haƙura ka sayi sabo.

Abin da muke kira gilashi a nan robar akirilik ce, kuma hannun da ya saba da ƙarfe shi ya fi saurin fasa ta. Bakin dirilar ƙarfe yana cafkar robar ya fizge ta, to daga nan tsagar take tashi. Ka dasashe kaifin bakin da dutsen washi ta yadda zai riƙa kankara maimakon yanka, ka tokare bayan robar da katako, ka huda a hankali ba tare da dannawa ba. Kada ka taɓa ta da sanyin asubar hunturu. Bari rana ta ɗaga, robar ta ɗumama. Wajen yanka kuma faifan giranda siriri ake sa mata, ban da zarto, sannan a bi gefen da samfefa har ya yi sumul, domin kowane ɗan zazzago mafarin tsaga ne.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne robar nan tana motsi. Da zafi tana buɗewa kusan ninki uku na alminiyam, kusan ninki shida na ƙarfe. Murfi mai tsawon mita 1, idan zafi ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa kusan milimita 2, kuma jirgin da ya yini a ranar Kumasi ya kwana cikin raɓa yana ganin irin wannan sauyin. Saboda haka kowane rami ya fi sukurun faɗi sosai, a sa wosha ta roba, a ɗaure iya yadda murfin zai daina girgiza kawai. Ɗaurin tamau irin na kan inji shi ke kashe shi.

Ni dai gam na fi so, don babu huda ko ɗaya. Masu haɗa jirage da yawa suna amfani da gam mai suna Sikaflex 295 UV tare da baƙar firamarsa, wato ruwan da ake fara shafawa kafin gam, wadda ke kare gam ɗin daga rana. Sai dai ka sa 'yan guntayen roba tsakanin firam da murfi, gam ɗin ya yi kaurin kamar milimita 3, domin kaurin ne ke shanye motsin da na faɗa. Amma duba zanen jirginka tukuna. Idan mai zanen ya ce sukuru, kada ka sauya sai da izininsa, kuma ka sanar da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana, tunda ita za ta duba jirgin kafin ya tashi.

Sakatar murfin ma ka ba ta haƙƙinta: ta kulle da kyau, ta kuma buɗu daga ciki da waje, saboda ranar da za a buƙaci ciro ka da gaggawa. Wajen wanki kuwa, tina da asiton, masu narkar da fenti, da ruwan goge gilashin mota mai amoniya duk suna cinye robar. Ƙurar hunturu a kwarara mata ruwa ta sauka da kanta, sannan a bi da sabulu mara ƙarfi da ƙyalle mai laushi.