Tambaya da Amsa: In faɗa mata ni ma na taɓa rasa ɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a karkarar Gumel. Matan da suka yi ɓari, ko jaririnsu ya koma, sukan zauna gabana su yi ta kuka. Ni ma na rasa ɗa shekara shida da suka wuce. Ya dace in gaya musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa mai ceto ne.

Za ki iya faɗa, amma kaɗan, kamar gishiri a miya. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A 1912 Sigmund Freud, wani likitan halayyar ɗan'adam a Turai, ya ce likita ya zama kamar madubi, kada ya nuna komai nasa. Daga baya su Carl Rogers a Amurka suka fi son mai ba da shawara ya fito a mutum ɗan'uwan mutum. Mu ga wannan ra'ayi na biyu muka fi karkata, da sharaɗi.

Ki fara tambayar kanki: don ita zan faɗa, ko don in sami sauƙi? In har muryarki tana rawa duk lokacin da kika tuna, to da saura. Ki bari tukuna. Kada kuma ki faɗa a zaman farko, sai ta gama zazzage abin da ke cikinta.

In lokaci ya yi, jimla biyu ta isa: "Ni ma na taɓa shiga irin wannan, barci ya ƙaurace mini. Ke yaya darenki yake?" Kin ga maganar ta koma hannunta. Sai ki duba fuskarta. In ta saki jiki, madalla. In ta sunkuyar da kai ta fara ce miki "Sannu, Anti, ki yi haƙuri," to aiki ya juye, ita ke rarrashinki. Daga ranar za ta riƙa ɓoye damuwarta don kada ta fama miki ciwo.

Ki guji "ni da na dangana ai ya wuce." Macen da ake yi wa gorin wabi a gidan miji za ta ji kamar kin ce imaninta ne ya gaza.

Sannan ki tuna ƙauye ne. Ke aikinki ya ɗora miki riƙe sirrinta, ita babu abin da ya ɗaure ta. Abin da ba ki so a ji a bakin rijiya ko gidan suna, kada ya fito. A irin wannan hali ki faɗi abin da kike ji a lokacin kawai: "Maganarki ta taɓa mini zuciya. Ci gaba, ina jin ki."