Ƙanena, kada ka biya kuɗin motar nan sai ka ji nawa

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, tun da safe na karanta saƙonka, kuma wallahi har yanzu bai fita daga raina ba. Ka ce ka tara kuɗin mota, aurenka yana tafe bayan Babbar Sallah, abokanka suna zuga ka ka ɗauki Benz don a san ka iso, Baba ya ce Corolla, kai kuma zuciyarka ta fara karkata ga mai lantarki saboda tsadar mai. Na ga wasu sun ba ka amsa da layi ɗaya, wasu har da dariya. Ni ba zan iya dariya ba, domin inda kake tsaye yau nan na taɓa tsayawa.

Ni ma ana dab da bikina na sayi mota. Ba zan faɗi sunanta ba, don laifin ba na kamfanin da ya ƙera ta ba ne. Babbar mota ce dai, irin wadda in ka faka a gidan biki yara suke zagaye ta. Dillalin da ya kawo min ita ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya muke sallah, ya san mahaifina, ya ci abinci a gidanmu ba sau ɗaya ba. Ya dafa ƙirji ya ce Beljiyam ce kai tsaye, wata tsohuwa ce ta riƙe ta a can, ko ƙusa ba a taɓa kwancewa a jikinta ba. Na kira bakanikena ya zo, ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, ya zaga da ita unguwa, ya ce lafiya lau. Fenti yana ɗaukar ido, kujerun fata, ga wani ƙamshin turare mai ƙarfi a ciki. Ashe ƙamshin nan warin ruwa aka rufe da shi.

Ta fara da ƙananan abubuwa. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe rediyo ya kunna kansa. In na kira shi sai ya ce ai haka manyan motoci suke, sai sun saba da ƙasar. Har ranar da jikin Hajiyarmu ya tashi, likita ya ce lallai a kai ta Zariya a daren. Mun wuce Kwanar Ɗangora kenan, ina cikin gudu, sai fitilu suka ɗauke gaba ɗaya. Duhu ɗuɗum. Sitiyari ya yi tauri, inji ya mutu, ga tirela a bayana. Har gobe ban san yadda na sauka gefen titi ba, ikon Allah ne kawai. Gilasai duka a rufe kuma sun ƙi buɗewa, Hajiya tana kwance a baya tana numfashi da ƙyar, tana ta salati a hankali don kada ta tayar mana da hankali. Matata ta haska min fitilar waya, na buɗe bonet ina kallon abin da ban san kansa ba, hannuna yana rawa. Kun dai san yadda hanya take da dare a lokacin, babu mai tsaya wa kowa. Na ɗaga hannu har na gaji. Daga ƙarshe wani direban Golf na haya, wanda motarsa ko fentin kirki babu, shi ya tsaya, ya matsar da fasinjojinsa ya ɗauki Hajiya da matata. Ya ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya saka masa da Aljanna. Ni kuwa a gindin motar na kwana ina jiran janwe, ban san halin da uwata take ciki ba, wayata ta mutu.

Da muka kai ta gareji, mai wayarin bai ɓata lokaci ba. Kafet ya ɗaga. Ƙanena, busasshen taɓo ne a ƙasa, ya dare kamar fadama da rani. Duk bakin wayoyin ya yi kore-kore da fari-fari, ƙusoshin kujera sun yi tsatsa, ramin safaya taya har da yashi. Wani yaro a garejin ya karɓi lambar shasi ya saka a intanet, sai ga hoton motata a filin gwanjon motocin inshora a Amurka, da shatin inda ruwa ya tsaya a jikin ƙofa. Motar ambaliya ce. Kilomitan ma an mayar da su baya.

Na same shi da hoton a hannu. Ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai mota ƙaddara ce, kuma an riga an yi ciniki." Na kai magana wurin manya, aka zauna a zauren liman, ya rantse shi ma yaudarar sa aka yi daga Kwatano. Aka ce in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Na yi haƙurin, amma har yau bai taɓa tambayar jikin Hajiya ba. Wannan ne ya fi ci min rai, ba kuɗin ba. Wata bai zagayo ba na gan shi ya canza mota. Yana nan yana harkarsa, yana miƙo min hannu bayan sallah, ina karɓa don Allah, amma tsakanina da shi akwai ranar hisabi. Abokan da suka yi ta cewa wannan ce ta dace da ni kuwa, babu wanda ya taimaka da kuɗin birenbos, wato kwamfutar da take sarrafa motar. Da na sayar da ita a matsayin ta kwance, na faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke jikinta, rabin kuɗina ma bai dawo ba.

Don haka kowace ka zaɓa, lambar shasi tukuna. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. A bincika ta kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Ka ɗaga kafet da hannunka. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa. Ka sa a jona mata na'urar gwaji, kuma mai gwajin ya zama naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Takardun kwastan ma a tantance su, tunda tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, kuma takardar bogi ta yi yawa.

Ban raina Benz ba, mota ce ta gaske. Sai dai wadda kuɗinka zai saya ta riga ta shekara goma sha wani abu, kuma irin wannan ba ranar saye ake gane tsadarta ba. Ranar da fitila ɗaya ta kama a dashbod za ka gane. Ga ta ƙasa-ƙasa, ka tuna layinku da damina. Amarya kuma ba za ta ji daɗin tambarin gaban mota ba in kuɗin cefane yana tafiya gareji. Surukai ma na kwana biyu ne za su yi maganar motar da ka zo da ita, daga nan halinka za su duba.

Baba ba don tsufa ya ce Corolla ba. Su ne suka ga zamanin Peugeot, lokacin da ake haɗa 504 a Kaduna tun daga 1975, kowane ƙauye akwai wanda ya iya ta. Abin da ya sa ta riƙe Arewa kenan, kuma shi ne yake riƙe da Corolla yau. Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka, duk abin da kake nema nata yana nan, sabo da na hannu. Ta tsaya maka a Malumfashi ko Potiskum, za ka sami mai gyara. Ranar da buƙata ta taso ka ce za ka sayar, kafin la'asar an biya ka. Ɓarayi ma suna son ta, wannan gaskiya ne, sai ka sa mata tsaro.

Maganar lantarki kuwa, ban yarda da masu cewa shirme ce ba. Na shiga ɗaya a Abuja, shirun da take yi da yadda take fizga sun burge ni ƙwarai. Babu juye, babu fulogi, babu lagireto mai tafasa a go-sulo, babu layin gidan mai. Duk wanda ya ga abin da ya faru daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, dole ya yi irin tunaninka. Kuma lissafin yana goyon bayanka. Ƙaramar mota mai lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 na wuta a kilomita 100. Ko a farashin Band A, wato rukunin masu samun wuta sosai, wanda aka kai naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage shi, abin da za ka kashe yana wajen naira 4,000 ne. Corolla kuwa sai ta sha lita 8 ko fiye a wannan tafiyar, ka ninka da farashin lita na yau ka gani.

Amma ina wutar? Ba ka faɗa mana unguwarku ba. Band A alƙawarin awa 20 ne a rana, mu nawa ne a nan muke kan wannan layin? Hyundai Kona, wadda aka fara haɗawa a Legas wajen 2020, mai babban batir tana ɗaukar yunit 64. In ka jona ta a soket na gida daga ƙasa, sai ta wuce kwana ɗaya cur ba ta cika ba. Gaskiya ne ba kullum za ka buƙaci cika ta ba, mai zirga-zirgar gida da ofis awa uku zuwa huɗu na caji sun ishe shi. To sai dai ranar da taransifoma ta ƙone aka fara karo-karo fa? Ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, in kuma babba za ka tayar, ai ka koma gidan mai ta bayan gida. Wanda na ga tana yi wa rana shi ne mai sola babba a gidansa, mai gareji a cikin gida, wanda kuma yake da wata motar ta tafiya. In haya za ku kama bayan biki, ka tambayi kanka ko mai gida zai bar ka ka ja waya har ƙofar gida.

Ni tunanina kullum daren nan yake komawa. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, ga esi a kunne saboda zafi. In caji ya ƙare maka a Jere ko Tafa da mara lafiya a baya, babu ɗan bumburutun da zai kawo maka galan na lantarki. Wuraren cajin da ake da su yawanci a Legas da Abuja suke. Kuma wanne bakanike za ka kira? Batirin nan ƙarfinsa yana kai bolt 400, ba abin da yaron gareji zai sa sifana a ciki ba ne, kisa yake yi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta hannu. Batir shi ne rabin motar, kuma zafi yana cin sa. Ka tuna Afrilu a Kano ko Sakkwato, sama da digiri 40. Tsofaffin Nissan Leaf, alal misali, batirinsu ba shi da ruwan sanyaya shi, an san suna saurin rage ƙarfi a wurare masu zafi. Garantin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, wadda za a kawo maka gwanjo ta cinye shi ko ta kusa, kuma ba lallai ya yi aiki a nan ba. Yanzu ka haɗa wannan da irin dillalina. Mutumin da ya iya ɓoye taɓo a ƙarƙashin kafet, me zai hana shi ɓoye mataccen batir? Mai lantarkin da ruwan gishiri ya shiga batirinta kuwa tana iya kamawa da wuta tana fake, iyalinka suna barci a ɗaki. Wallahi in na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Kada ka ɗauka ina kashe maka gwiwa. Abin yana zuwa, kuma da hannun 'yan Arewa a ciki. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri ga Mustapha Gajibo yana mayar da ƙananan bas zuwa lantarki. Ina jin daɗi in na ga irin wannan, rana kam Allah Ya ba mu. Ni a ganina a kan adaidaita da babura da bas na cikin gari abin zai fara zama da gindinsa, kafin ya iso ga mai albashi irina da kai. In kana da hali nan gaba ka sayi sabuwa fil daga wakilin kamfani mai garanti da wurin gyara, irin motocin kamfanin BYD na China da ake ta shigowa da su, bayan ka sa sola, ni zan fara taya ka murna.

Wani cikin masu ba ka amsa ya ambaci haibirid, wato mai haɗa injin mai da batir. Ba laifi, Toyota tun 1997 take yin Prius, ba a jona ta a wuta, kuma tana rage shan mai sosai a cikin gari. Ita ma a gwada batirin kafin a biya. Masu cewa a mayar da mota gas, ka fara duba ko akwai inda za ka sha a garinku, kuma kada ka bari mai walda ya haɗa maka tukunya, an yi mummunan haɗari a kan haka.

Kuma don Allah kada ka zuba duk abin da ka tara a mota. Ka ware na taya huɗu, batir, juye da inshora, tunda ko lafiyayya ce sai ta nemi waɗannan a watannin farko. Ga lefe, ga kuɗin haya, ga abin da ba a fata. Hajiyarmu ta tashi daga wannan ciwon, alhamdu lillahi, amma jinyar ta ci kuɗi a lokacin da kuɗina yake kwance a gareji, sai da na ci bashi a wurin ƙanwata. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau.

In ni ne kai, zan bi maganar Baba a wannan karon, in nemi mai tsabta ko da shekarunta sun ɗan ja. In ka ga wadda ta kwanta maka, turo min lambar shasin ta akwatin saƙo in sa yaron garejin nan ya duba maka, ba sai ka biya komai ba. Ka kuma faɗa mana unguwar da za ku zauna da awa nawa kuke samun wuta. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya haɗa ka da dillali mai tsoron Allah.