Amsar tambayarka a kan iyakwandishan biyu na gidan Kubwa

Ɗana, jiya da muke dawowa daga Kubwa ka yi mini tambaya a mota, na ce ka bari sai mun natsu, domin amsarta ta fi ƙarfin hirar cikin cunkoson hanya. Ka ce ka kasa gane dalilin da ya sa na gyara iyakwandishan ɗin falo, wanda jikinsa ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa don tsufa, amma na ce wa Alhaji mai gidan ya haƙura da na ɗakin kwana ya sayi sabo, alhali shi ne mai ƙyalli kamar jiya aka ciro shi daga kwali. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin wannan hukunci ya fi kowane aiki nauyi a sana'armu, kuma a kansa ne masu gida suke riƙe mutum ko su daina kiransa.

Ka tuna yadda muka tarar da na falo. Fankar waje tana juyawa, kwamfireso, wato injin da yake harba gas cikin bututu, yana gurnani na 'yan daƙiƙu sannan ya yanke, iskar da take fitowa a ɗaki kuwa ba ta da maraba da ta fanka. Wanda aka kira kafin mu ya riga ya gaya wa Alhaji cewa kwamfireso ya mutu. Ban tanka ba sai da na kashe wuta, na kwance murfin gefe, na sauke cajin da ya rage a kafasita, wato na'urar da take taimaka wa kwamfireso ya tashi, kafin hannunka ya kai gare ta, sannan na nuna maka kanta da ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace a kanti. A jikinta an rubuta 35, mita ta nuna 11. Daga nan muka auna ƙafafu ukun kwamfireso, waɗanda ake yi wa alama da C da S da R. Abin da ya fito tsakanin C da S, idan ka haɗa shi da na tsakanin C da R, ya yi daidai da na tsakanin S da R, kuma da muka taɓa kowace ƙafa da jikin ƙarfen, mita ba ta motsa ba. Wannan ne shaidar cewa wayoyin cikinsa lafiya lau suke. Muka sa sabuwar kafasita, muka wanke ƙurar hunturu da ta toshe haƙarƙarin injin waje har iska ba ta ratsawa, muka kunna. Gejin auna matsin gas ya tsaya wajen 65, amfiya ta tsaya a biyar da ɗan ɗori, daidai da abin da kamfani ya rubuta a takardar da take liƙe a gefensa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne maganar Alhaji cewa tun da aka kafa injin ba a taɓa ƙara masa gas ba. Ina so wannan ya zauna maka daram: gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe, don haka duk injin da gas ɗinsa ya ragu, to akwai inda yake zurara. Injin da ya shekara goma bai zubar da gas ba, bututunsa na jan ƙarfe ne, kwamfiresonsa yana jan wuta daidai kima, ba za a jefar da shi don launin jikinsa ya koɗe ba. Haka hukuncin yake idan matsalar ta tsaya ga motar fanka, ko na'urar auna sanyin ɗaki, ko bututun ruwa da ya toshe har yana ɗiga a bango, ko zurarar gas a bakin noti inda aka haɗa bututu. Duk waɗannan gyara ake yi, ba a ma tayar da zancen sabo.

Na ɗakin kwana kuwa, ƙyallin da ya ruɗe ka fenti ne. Na hannu Alhaji ya saya shekara uku da suka wuce, an wanke shi an fesa masa farin fenti, kuma a cikin shekara guda sau uku ana zuwa ana ɗura masa gas a karɓi kuɗi a tafi, babu wanda ya tsaya neman ramin. Da muka ɗaga murfin na ciki ka ga danshin mai a lanƙwasar bututu har wuri uku, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi. Duk inda ka ga wannan tabo, gas ya bi ta nan, domin yana fita ne tare da man kwamfireso. Bututun kuma na alminiyam ne, wanda likinsa yake da wuyar sha'ani, ka toshe nan gobe ya ɓulle can. Da muka auna kwamfireso, ƙafarsa ta haɗu da jiki, shi ya sa yake kayar da wutar gidan da zarar an kunna shi. Sannan na ɗiga ɗan mansa a farar takarda na miƙa maka ka shaƙa. Ka ga yadda ya yi baƙi, ka kuma ji ƙaurin nan mai hawa kai.

Ga yadda abin ya faru. Gas ɗin da yake dawowa da sanyi daga ɗaki shi ne yake sanyaya kwamfireso. Idan ya yi ƙaranci, kwamfireso yana aiki cikin zafi dare da rana, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafin Abuja yake kan ganiyarsa, har rufin wayoyinsa ya ƙone. Ƙunar tana gurɓata mai ta mayar da shi mai cin ƙarfe, gurɓataccen man kuma ya bi ko'ina a cikin bututu. Saboda haka gyaran wannan inji yana nufin wani kwamfireso, da canza bututun na ciki gaba ɗaya, da wanke layi, da gas, da ladan aiki. Da na haɗa lissafin ya haura rabin kuɗin sabo. Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan gyara ya doshi rabin kuɗin sabo, injin kuma ya kai shekara goma ko ba a san shekarunsa ba, ina ba da shawarar a canza, domin sabo yana zuwa da garanti, wannan kuwa ni kaina ba zan iya lamunce masa wata shida ba.

Da tsada na koyi wannan. Ina sabon buɗe shago na karɓi irin wannan aiki a gidan wata Hajiya, na sayo kwamfireso na hannu na ɗaura ba tare da na wanke layin ba, saboda ina son aikin ya yi mata sauƙin kuɗi. Bai cika wata biyu ba ya ƙone, domin dattin da na bari a bututu ya cinye shi. Na mayar mata da kuɗinta daga aljihuna, amma kwanakin zafin da ta yi da jikokinta a ɗakin nan ba abin da zan iya biya ba ne, kuma har yau ina tunawa da su duk lokacin da na shaƙi ƙonannen mai.

Sai maganar irin gas. Injinan nan biyu duka R22 suke sha, kuma R22 yana cikin sinadaran da duniya ta amince a daina saboda illarsu ga rufin ozon na sararin sama, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Ƙasashe masu tasowa irin Najeriya suna rage shi mataki-mataki, da nufin kusan gamawa da shi a 2030. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce zai riƙa tsada yana wuyar samu, jabu da gauraye kuma su yawaita a kasuwa. Wannan bai sa na yanke wa na falo hukunci ba, tunda ba ya neman gas. Amma injin R22 da yake zurara, kuma kwamfiresonsa ya tafi, zuba masa kuɗi kamar zuba ruwa ne a kwando. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa a juye masa R410A ko R32. Matsin waɗannan ya fi na R22 nesa, inda geji yake nuna 60 zuwa 70 a R22 za ka ga wajen 120 a R410A, kuma man da kwamfiresonsu yake amfani da shi daban ne.

Akwai kuma kuɗin wuta, wanda a da ba mu cika sa shi a lissafi ba. Tun Afrilun 2024, da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin yuni ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kafin a ɗan sassauta daga baya, wannan lissafi ya zama dole. Tsohon inji mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kusan wat 1,200. Idan ya yi awa takwas kwamfireso bai huta ba, ya sha kusan yuni 10, a wata kusan 290, wato kuɗin da ya kai wajen naira 60,000 a kan inji ɗaya a farashin 2024. Mai inbata yana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi, don haka a ɗakin kwana da ake kunnawa kowane dare, ƙofa da taga a rufe, bambancin yana fitowa a mita. Ba ya kuma fizgar wuta lokacin tashi, abin da ya sa ƙaramin janareta ko sola suke iya ɗaukarsa. Sai dai ka gaya wa mai gida ɗaya gefen. Allon lantarkin da yake cikinsa yana da tsada, ba ya jure hawa da saukar wuta ko tsawar farkon damina, kuma na sha buɗe injin waje in tarar da tsaka ta shige ta kwanta a kan allon ta ƙone tare da shi. Duk wanda zai sa mai inbata, ya sa masa abin kariya daga hauhawar wuta, mu kuma mu toshe kafar da waya take shiga.

Bayan duk wannan, ka dubi halin mai injin. Ɗan haya da zai tashi nan da wata shida, ko ɗakin baƙi da ba a kunnawa sai da salla, ƙaramin gyara ya ishe su ko da injin ya tsufa. Ɗakin da tsoho mara lafiya ko jariri yake kwana kuwa ba ya son injin da zai riƙa tsayawa kowane mako. Ka ga ban ce wa Alhaji dole ya saya ba. Na rubuta masa kuɗin gyara da kuɗin sabo a takarda ɗaya, na nuna masa man da tabon da idonsa, na gaya masa abin da zan yi da a ce ɗakina ne, na bar shi ya zaɓa. Ban kuma tura shi wani shago na musamman ba, domin ranar da mai gida ya gane kana da kaso a wurin mai sayarwa, ko gaskiya ka faɗa masa ba zai yarda ba.

Ya kira ni da safen nan ya ce ya sayi sabon, mai doki ɗaya da rabi, mai shan R32, gobe za mu je mu kafa. Ba za mu yi amfani da tsohon bututun ba, tunda ƙonannen mai ya bi ta cikinsa, saboda haka ka auno sabon na jan ƙarfe da rigarsa. Ka ɗauko famfon zuƙe iska, domin ba na yarda a kori iskar layi da gas ɗin inji kamar yadda wasu suke yi don sauri. R32 yana iya kama wuta, don haka babu walda ko ashana kusa da shi. Tsohon injin za mu sauke shi mu cire motar fanka da rimot mu ba Alhaji ya ajiye, sauran kuma idan 'yan gwangwan sun saya, kuɗin nasa ne. Kai za ka buɗa bakin bututu ka ɗaure noti gobe, ni zan tsaya a bayanka da ruwan kumfa in duba.