Ga ɗan ƙanwata mai son tahowa Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma bai bambanta da na sauran yaran gida da suka riga ka ba. Kana son tahowa Kumasi ka yi karatu a jami'ar KNUST, ka haɗa da 'yar sana'a in hali ya yi, kana tambayar kuɗin haya da ko gaskiya ne ana jin Hausa ko'ina a Gana. A fili zan amsa maka don masu irin tambayarka su karanta, na gaji da maimaita magana ɗaya a waya.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba da dala ake yanka masa kuɗin makaranta, sai ku zauna da mahaifinka ku yi lissafi. Masu gidaje kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke karɓa a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada ya wuce na wata 6. Sana'ar da kake hange kuwa, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, kuma a 2019 an rufe wa 'yan Najeriya shaguna a Suame, a cikin garin nan. ECOWAS kwana 90 ta ba ka babu biza, daga nan sai da takardar izinin zama.

Ba ka tambaye ni da wa za ka zauna ba, alhali nan ne yaran da na gani suke tashi ko su faɗi.

A gida kun ɗauka da mutum ya sauka Aboabo ko Asawase, unguwannin zango na Kumasi inda baƙi Musulmi suke zaune, ya yi sallama da Hausa, ya zama ɗan gari. Za a amsa maka, a ba ka ruwa, har da wurin kwana na ɗan lokaci. Amma masu amsa maka ba duka Hausawa ba ne. Akwai Mosi, Dagomba, Wangarawa, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani da Yarbawa, Hausa da masallaci suka haɗa su. Kakannin wasunsu tun zamanin fataucin goro suke ƙasar nan, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanen Salaga zuwa wasu garuruwa. A idonsu kai ɗan Najeriya ne sabon zuwa. Farkon zuwana wani mai gida da muke sahu ɗaya a masallaci ya hana ni hayar ɗaki da kuɗina a hannu, ya ce a gaban jama'a bai san asalina ba, kuma babu wanda ya tsaya mini. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Wanda zai tsaya maka a wurin hira ake samunsa. Bayan isha'i za ka ga benci a ƙofar shago, ana dafa shayin ataya, dattawa a gefe, matasa a tsugune. Yaron da ya taso da waya a hannu zai ce ɓata lokaci ne. A nan ake tambayarka ɗan wane ne kai, wace unguwa, wa ya yi maka karatun allo, kuma a nan wani zai ɗaga kai ya ce ai mahaifinsa daga garinku ya fito. Haka na sami wani dattijo, Allah ya ji ƙansa, da ya kama hannuna ya kai ni wurin mai shagon ɗinkin da na fara aiki, ya ce duk abin da ya ɓata a nemo shi. Yau ina da shagona da kekunana da yaran da nake koya wa, kuma ba na jin kunyar faɗa, da gumina na same su, amma ƙofar a kan bencin nan aka buɗe mini.

In an daɗe ana hira sai an zo kan 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar ƙasar. Za ka ji yadda aka sayar da gidaje a wulaƙance, yadda aka loda wa motoci mutanen da a nan aka haife su zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba, da maƙwabtan da suka riƙe wa wasu amanar ɗaki da kaya shekara da shekaru. In ka buɗe baki za ka yi kuka da Gana, za a tuna maka 1983, lokacin da Najeriya ta Shagari ta kori mutanen Gana. Ka yi shiru ka saurara. Da labaran nan ake sanin gidan da ke riƙe amana, da su kuma ake koya wa yara kada su yi wasa da takarda.

Yanzu maganar lafiya, wadda ita ce ta sa na tsawaita. Na taɓa sauke wani ɗalibi daga gida, yaro mai ƙoƙari, amma ya ce mutanen zango surutu ya yi musu yawa, unguwar kuma kwata ta dame shi. Ya koma kusa da makaranta, ya daina leƙo mu. Da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin da ake aiko masa ya daina isa, ya koma cin abinci sau ɗaya, barci ya ƙaurace masa, bai gaya wa kowa ba. Matar da yake sayen koko da ƙosai a wurinta ce ta lura ya ɓace, ta aiko mana. Muka tarar da shi da zazzaɓi, ya rame, ko magana ba ya so. Waɗanda suka haɗa kuɗin asibiti su ne mutanen da yake wucewa bai gaishe su ba. Likita ya yi maganin zazzaɓin, amma damuwar sai da muka dawo da shi cikinmu, ana ci da shi, ana jan sa da hira, kafin ya dawo hayyacinsa. Damuwa ciwo ce kamar hawan jini, kuma baƙo mai zaman kaɗaici ta fi kamawa. Ka yi katin inshorar lafiya na NHIS da zarar takardunka sun kammala, ka kuma shiga asusun taimakon juna na unguwa ko da kuɗin kaɗan ne.

Kada ka ɗauka zaman nan kyauta ne. Yau suna, gobe aure, jibi addu'ar bakwai ko ta arba'in, kuma kowanne sai ka je ka ba da naka, ko aljihu ya bushe. Abin da ka faɗa da dare kuma yana iya riga ka isa kunnen mahaifiyarka. Ba kowace majalisa ce ta zama ba. Akwai wuraren matasa da tiramadol da caca suka cinye, kuma a nan ake ba da labarin hanyar Agadas da Libiya kamar zuwa kasuwar Kejetia, a ambaci wanda ya isa Italiya, a manta da waɗanda iyayensu har yau ba su ji ɗuriyarsu ba.

Ka koyi harshen Twi, domin ƙasar Tonawa ce, wato mutanen Asante, Sarkin Asante yana fadarsa a Manhyia, kuma da mutunta masu ƙasa zango ya daɗe. Rigimar ɗarika da izala ka bar ta a tasha. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019 har cocin Katolika ya ziyarta a Akra, ka ga irin zaman da ake yi ke nan.

In mahaifinka ya amince kuma kuɗin ya haɗu, ɗakina a buɗe yake, bisa sharaɗi biyu. Makon farko ba naka ba ne, gida gida zan kai ka gaisuwa. Kafin ka taso kuma ka je wurin kakarka da takarda da biro, ta gaya maka sunan ƙanin mahaifinta da ya tafi Gwanja bai dawo ba, da sunan matarsa da garin da aka ji labarinsa na ƙarshe. Dattawan nan za su tambaye ka, kuma ina zaton jikokinsa suna Aboabo.